Akuyar Binta da farin taki

Daren Laraba, farkon damina, 1977

Jar akuyar 'yata Binta ta mutu yau da la'asar.

Shekaranjiya na dawo daga Gaya da buhun takin zamani a bayan keke, ina ta fankama a ƙauyenmu Balan wai gwamnati ta yi rangwame, mu 'yan boko mu muka fara ji. Ɗan boko! Aji uku aka koro ni. Buhun ya yage a ƙofar gida, na kwashe abin da ya zube na juye a ƙwaryar da Iya ke ajiye kanwar dabbobi. Fari ne tas. Idon tsohuwa ya yi rauni, yau ta dama shi da dusa yadda ta saba, ta ba akuyar.

Ko wuƙa ba mu kai ga sa mata ba. Ciki ya kumbura, shi ke nan.

Akuyar nan ita kaɗai uwar Binta ta bar mata. Sai wannan bakin nawa ya ce, "To, ita dai ta riga gero cin arahar gwamnati." Ba wanda ya yi dariya. Binta ta kwance igiyar daga turke, ta naɗe a hannu, ta ce, "Baba, yanzu me ya rage na Innata a gidan nan?"

Na so in ce ke ce. Ta kwanta da igiyar a hannunta.