Fuskar da Mama Ta Sani

Lusaka, 9 ga Mayu

Yaya Luyando,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya ƙafar taki?

An yi mini tiyatar muƙamuƙi ranar Talata. Magana ta gagare ni, shi ya sa na ɗauki biro. An ɗaure haƙorana na sama da na ƙasa da roba, kunu ma da sirinji nake sha. Likita ya ce tun ina shekara sha huɗu ɓangaren hagu na muƙamuƙina yake girma fiye da na dama, shi ya ture haɓata gefe. Sun yanke ƙashin, sun daidaita, sun kafe shi da ƙananan ƙusoshi. Fuskar ta kumbura kamar kabewa, leɓen ƙasa kuma ko na taɓa ba na jin sa.

Kin san ba kwalliya ta kawo ni ba. Na gaji da tauna da gefe guda, na gaji da juya wa ɗalibaina baya idan dariya ta kama ni.

Ban gaya wa Mama ba. Yadda mantuwa ta ci ƙarfinta, na ga babu amfanin tayar mata da hankali. Gwaggo Mutinta na kula da ita har in koma.

Ƙanwarki,
Miyanda

Choma, 2 ga Agusta

Yaya Luyando,

Ina gaishe ki da kowa da kowa. Allah ya sa wasiƙar nan ta same ku lafiya.

Na dawo gida mako biyu ke nan. Kumburin ya saɓe, har tuwon masara na fara ci. Gwaggo ta yi ta juya ni tana tsokana, wai yanzu sai ta kafa benci a ƙofar gida saboda samari.

Yaya, Mama ba ta gane ni ba.

Kin tuna ko a bara da ta manta sunanki, nawa bai ɓace mata ba. Yanzu na durƙusa a gabanta na gaishe ta, ta amsa da ladabi, ta ce wa Gwaggo a kawo wa baƙuwa ruwa. Ni nake yi mata wanka, ni nake ba ta abinci, tana yi mini godiya, tana tambayata ko na san lokacin da Miyanda za ta dawo. Na ce mata ni ce, ya fi sau ashirin. Sai ta yi murmushi kawai.

Jiya da hantsi muna zaune muna ɓare gyaɗa, na yi abin da nake jin kunyar rubutawa. Na karkatar da bakina gefe kamar dā, duk da zafin, na tsaya ina jira. Ta daɗe tana kallona. Sai ta ajiye kwanon, ta ce, "Baiwar Allah, kina da kirki, amma kada ki ƙara kwaikwayon 'yata a gidan nan. Ba ita ta yi kanta ba."

Na ba ta haƙuri. Ta ce ya wuce, muka ci gaba da ɓarar gyaɗar.

Ki zo idan kin sami dama. Ki gaishe mini da yara.

Taki,
Miyanda