Toka a Kan Kabarin Malam

Lahadi, 16 ga Nuwamba, 2014

Mun je maƙabarta a New Jersey, ni da ɗana Abukari. Shekara biyu kacal, amma allon simintin da aka kafa wa Malam ya dare gida biyu, rabin sunansa ya zube cikin ciyawa. Sai da muka yi ta zagaye kafin mu gane kabarin. Kabarin mijina fa! Abukari ya ce ruwa ne ya shiga, ya daskare, ya fasa. To wa ya ce a binne shi a ƙasar ƙanƙara? Na roƙi a kai shi Kumasi kusa da uwarsa, ɗan da na haifa da cikina ya ce gawa ba ta jira. Ban yafe ba, kuma ya sani.

Laraba, 3 ga Disamba

Wai zai yi wani allon da kansa, da kankaren da yake bincike a kai a jami'a. Babu siminti a ciki. Na ce to da me? Ya soma da Turanci kamar kullum, sai da na harare shi. "Toka ce, Mama, ta gidan wutar lantarki, da wani ruwa mai kaifi irin na tokar sabulu." Toka! A kan ubansa! Mu da aka hana mu sa ko jan bulo a kabari saboda da wuta ake gasa shi. Ya ce siminti ma gasa shi ake yi, hayaƙinsa na ɓata duniya, nasa kuwa ba a gasawa. Na ce ciwon duniya ka sani, na uwarka ne ba ka sani ba.

Asabar, 13 ga Disamba

Na buɗe firiza zan ɗauko kifi, sai ga duwatsu a jere. Wai gwaji: su daskare, su narke, su sake daskarewa. Allah ya shirya.

Asabar, 10 ga Janairu, 2015

Na kai ƙara wurin liman, a zatona zai tsaya mini. Ya ce alama ce a waje, ba cikin rami ba, babu laifi. Maza dai bakinsu ɗaya.

Litinin, 26 ga Janairu

Ya zuba allon a ɗakin ajiya na ƙasan bene, inda babu hita. An kwana biyu bai kama ba, luƙui kamar tuwon da ruwa ya yi wa yawa. Ashe abin nasa sai ya yi ƙarfi yake jure sanyi, yana ɗanye kuwa ɗumi yake so. Ya kwashe ya zubar. Na ce madalla. Ya shiga banɗaki ya saki famfo, ya daɗe. Ya fito ido jawur, sak ubansa ranar da aka ce masa uwarsa ta rasu. Tuwon ma ban iya ci ba, haushi ya ishe ni.

Lahadi, 15 ga Fabrairu

Sanyi kamar zai tsaga ƙashi. Ya sake zubawa, wannan karon a falo, gindin hitar nan da mai gidan haya yake mana rowarta. Ya danna haruffan sunan ɗaya bayan ɗaya, ya lulluɓe allon da jaket ɗinsa, ya fita da 'yar suwaita. Shashasha! Na taɓa allon, sanyi ƙalau. Na ɗauko bargon Malam, wanda ban bar kowa ya taɓa ba tun ranar da ya rasu, na rufa wa allon. Don yaron ya samu jaket ɗinsa na yi, kada mura ta kwantar da shi jinya ta dawo kaina.

Lahadi, 12 ga Afrilu

Tun ƙarshen Fabrairu ya kai allon, ƙanƙarar Maris ta hau kansa ta sauka. Yau daga nesa na hango shi. Ko tsaga babu. Na durƙusa na karanta a fili: Shitu. Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa kiran sunan nan da bakina ba. Abukari ya juya baya kamar bai ji ba.

A mota na ce kada ya yi saurin murna, sanyin baɗi ne zai faɗi gaskiya. Da Hausa ya amsa: "To, Mama, sai mu zo tare mu duba."

Bargon yana kan gadon Abukari. Ban ce ya dawo da shi ba.