Mitar da Na Ɗaura wa Baba

Makiyayar Ak-Tash, watan Yuni

Zuwa ga Yaya Cholpon,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya birnin Mosko, yaya aikin ɗinki, yaya ƙafar nan taki mai kumburi? Mun iso kan tudu lafiya, ni da Baba da injin numfashinsa. Babu sabis a nan, don haka Tashtan mai motar nono zai ɗauki hoton takardar nan ya tura miki in ya sauka garin Naryn.

Na san kina fushi. Kin ce mai huhu irin na Baba ba ya nisa da asibiti, kuma gaskiyarki. Amma ba ke ya tasa a gaba ba. Cewa ya yi, "Kubat, ko ka kai ni in ga goɗiyoyi a ciyawa, ko in cire robar nan daga hancina yanzu." Na sha ciniki da Sinawa da Turkawa a kasuwar Dordoi, ban taɓa gamuwa da mai taurin kan tsohon nan ba. Janareta ma ya hana, wai ƙara na hana goɗiya ba da nono.

Sai na samo ɗakin nan mai taya da ake ja da mota, na kafa faranti biyu na sola a rufinsa, na sa batura a ƙarƙashin gado. Na kuma ɗaura mita mai nuna wutar da ta rage a batir. Ba irin wadda nake sayar wa baƙi ba, Yaya, ta gaske ce, daga kwalin da nake ɓoyewa a bayan shago. Tana da ɗan ƙarfe da ake ɗaurewa a baƙar wayar batir, kuma dole kowace waya ta bi ta cikinsa, kamar yadda kowane ɗan dako ke bi ta gaban mai gadin ƙofar kasuwa. Abin da ya shiga ta ƙirga, abin da ya fita ta ƙirga. Na huda bango daidai kan Baba na liƙa fuskarta. Yanzu haka casa'in da takwas cikin ɗari take nunawa. Baba ya kalle ta ya ce, "Ashe akwai kayanka da ke faɗin gaskiya?"

Kin ce za ki zo a Satumba. Ki kwantar da hankali, zan miƙa miki shi yana numfashi.

Ƙaninki,
Kubat

Makiyayar Ak-Tash, watan Yuli

Yaya Cholpon,

Ina gaishe ki, ina fatan kina lafiya. Baba yana nan. Na fara da wannan don ki iya karanta sauran.

Shekaranjiya da hantsi ina wanke kwanonin shayi, sai injin ya yi ƙara ya mutu. Na shiga na tarar da leɓen Baba ya yi shuɗi. Na duba mita: casa'in da shida. Na taɓa batir da magwaji: wayam. Da batirin motata na tayar da injin, har na ƙona yatsa.

Da na ɗaga katifa na leƙa, sai ga wata siririyar waya maƙale a kan batir kai tsaye, ta bayan ɗan ƙarfen nan, inda mita ba ta gani. Na bi ta ƙarƙashin ɗaki, ta cikin ciyawa, har bukkar Gwaggo Burul. Kin tuna ta, matar marigayi Sagyn, wadda ke ba mu busasshen cuku muna yara? Injin fitar da man madara take juyawa da wutarmu, tun da hannunta ya daina iya murza na da. Ashe man da take aiko mana kowace safiya, wanda nake lasa ina sa mata albarka, numfashin Baba nake lasa.

Na tafi da masifa, sai ta ce, "Kai ɗan kasuwa, sauke muryarka. Ubanka ne ya maƙala da hannunsa ranar da ka je ɗebo ruwa."

Na dawo kansa. Ko kunya bai ji ba. Ya ce shekarar da dusar ƙanƙara ta kashe mana tumaki, Sagyn ne ya koro goma daga garkensa ya zuba a namu bai ce komai ba. Ya ce a kan tudu ba a cewa wutata, kamar yadda ba a cewa rafina. Na ce masa Baba, rafi ba ya ƙarewa, wannan kuwa yana ƙarewa. Ya ce, "Ni ma haka." Ya kuma rantse in na cire wayar, zai cire robarsa.

Na ce to mu sauka gari. Ruwan sama ya riga ni yanke shawara: gadar ƙasa ta tafi, mota ba ta wucewa. Wannan takardar ma a doki za a kai wa Tashtan bakin kogi.

Abin da na iya kawai, na kwance wayar Gwaggo na mayar da ita ta gaban ƙarfen, yadda mita za ta ƙirga da ita. Na sa mata fis. Na caja batir da mota har fetur ya kusa ƙarewa, na saita mita daga farko. Yanzu ba ta ƙarya. Sittin da ɗaya.

Kada ki jira Satumba.

Kubat

Makiyayar Ak-Tash, watan Agusta

Yayata,

Ina gaishe ki. Ban san yadda ake tambayar lafiya a irin wannan takarda ba.

Tun waccan wasiƙar rana ba ta fito da kirki ba. Gajimare ya zauna a kan tudun nan kamar mai jiran abinci. Kullum mita ta samu kaɗan ta rasa da yawa. Na kashe fitila, na daina caja waya, na goge farantan nan har sun gaji da ni. Hamsin, arba'in da wani abu, talatin da wani abu. Shekara nawa ina sayar da mita, ina ce wa mutane ku saya ku samu kwanciyar hankali. Yaya, mai ƙaryar ta fi jinƙai. Da ita ina barci.

Baba ya rataya farar hularsa a kan fuskarta. Ya ce ya gaji da ganin ɗansa na gaishe da bango kafin ya gaishe shi.

Gwaggo Burul da kanta ta zo ta ce a cire wayarta, za ta koma murzawa da hannu. Ta daina kunna injin nata. Baba ya lura man safe ya daina zuwa, ya sa aka kira ta, ya ce, "Burul, rowa kika koya da tsufa?" Ta yi kuka, ta koma ta kunna. Daga ranar, duk lokacin da ya ji injinta ya tashi, sai ya miƙa hannu ya kashe nasa, wai yana hutar da hanci. Na roƙe shi, na yi masa ihu, na yi masa ƙaryar cewa batir a cike yake. Ya ɗaga hular ya duba, ya mayar, ya ce ciniki ya lalace mini.

Ya ce in rubuta miki cewa komai a cike yake, kada ki bar aikinki. Na ce to.

Ranar Talata da azahar ya sha nonon goɗiya rabin kwano, ya sa na buɗe ƙofa don ya ga dawakai. Yana kallonsu ya cika. Injinsa a kunne yake, Yaya, wallahi a kunne yake, mita na kan sha tara. Ba wutar ce ta ƙare ba. Makiyaya sun taru, mun binne shi kusa da Sagyn.

Washegari rana ta fito tas. An ce an kusa gyara gada.

Ban kwance komai ba. Ɗakin zai zauna wa Gwaggo har a sauko da dabbobi, wayarta na nan inda take. Yau da safe ta aiko da mai, na kasa taɓawa. Na shiga in ɗauko hular Baba in ajiye miki, sai na ga abin da ke bayanta. Ɗari cif. Tun da muka hau tudun nan ba ta taɓa kaiwa ba.

Ki zo a Satumban kamar yadda kika tsara. Babu sauri yanzu.

Ƙaninki,
Kubat