Ƙodar da Jikinka Bai Karɓa Ba

Mai lambuna, sanyin idona, inuwata idan rana ta take, ruwan farkon damina a kan busasshiyar ƙasata, baban 'ya'yana,

Ina gaishe ka da jiki. Yayarka ta zo jiya, ta ce ka ƙi komawa injin wankin ƙoda, ka kuma hana a bar ni in shigo ɗakin da aka kwantar da kai a asibiti, wai kunyata kake ji, wai ka ɓarnatar da ƙodar da na ba ka. Haba, maigida! Ni za ka juya wa baya ka fuskanci bango?

Ni ma kukan nake yi. Idan na shafa tabon ɗinkin da ke kwiɓina, sai in ji kamar macen da ta haihu ta koma gida hannu wofi. Amma na tsare likita har ya yi mini bayanin da zan gane. A cikin jini akwai wasu ƙananan ƙwayoyi, sojojin jiki, masu gadi ba hutu. Sun san alamar kowace tsoka taka, abin da ba su gane ba sai su far masa. Maganin da kake sha shi ke lallashinsu su kwanta. Da zazzaɓin nan ya kama ka, dole aka rage shi don su yaƙi cutar, sai suka farka suka tarar da baƙuwa. Ina suka san ta matarka ce? Kare ka suke yi, bayin Allah, ko ni na kasa fushi da su.

Ka tuna ranar da ka koya mini aurar da lemo a bayan rijiya? Ka yanko reshe ka haɗa shi da jikin wata bishiyar, na riƙe, ka naɗe da leda, hannunka a kan nawa, kana yi mini dariya. Cikin rassan da muka aurar, wasu suka kama, wasu suka bushe. Ban taɓa ganin ka sare bishiya don reshe ya bushe ba. Ruwa kake ƙara mata.

Don Allah, don darajar iyayenka, ka koma injin. Yaya ta ce ƙafafunka sun kumbura, takalmi ba ya shiga. Auta ta daina tambayata, ƙofa kawai take zuba wa ido. Ƙoda na rasa, na haƙura. Rashinka ne ba zan iya ba, wallahi ba zan iya ba!

Gobe da safe ina kan bencin bakin ɗakinka. Ko ka kira ni, ko kada ka kira, ina zaune.

Taka ce ni, har ranar da za a rufe ni da ƙasa,
Matarka