Ciyayyar Ƙofar Gidan Malam Jaji

Kumbotso, ranar Lahadi

Ƙanwata Zuliha,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Baba? Allah ya ƙara masa sauƙi.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Malamarmu ta ajin motsa jiki na yoga ta ce mu rage riƙe waya, rubutu da hannu yana kwantar da hankali. Sagiru direba zai riƙa kai miki yana kawo mini amsa.

Tun ranar da Baba ya yanke jiki ya faɗi a gonar shinkafa hankalina bai kwanta ba. A gabanki likita ya faɗa: suga ya hau, jini ya hau. Haka Inna ta fara, muna cewa gobe, har muka rasa ta. Ba zan iya sake ganin wannan ba. Ga acca nan da garin alkama da busasshen zogale. Ki daina sa masa magi da gishiri, man shanu kuwa ko ƙamshinsa kada ya ji. Tuwon shinkafa a ajiye shi tukuna. Na zana yadda zai zauna da safe, ya miƙe bayansa, ya ja numfashi a hankali. Ke ma na sa miki sabulun salo da man kaɗanya, don hayaƙin gumin shinkafa ya gama da fatarki.

Ki gaida Baba da kyau. Na bar ku lafiya.

Yayarki,
Muhsina

Kura, ranar Laraba

Yaya Muhsina,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, Baba da sauƙi. Kaya sun iso, Allah ya saka da alheri. Man kaɗanya ina shafawa, sai dai har yanzu kaji kaɗai ke kallona.

Baba ya juya zanenki sama da ƙasa, ya ce mutumin da yake duƙe a shinkafa tun ranar da aka fara sako ruwa a kanal ba ya bukatar a koya masa lanƙwasa baya. Amma yana jan numfashin bayan asuba, wai don kada ranki ya ɓaci. Accar ma yana ci, yana haɗe rai kamar mai shan maɗaci.

Sai dai akwai abin da kika manta da shi a birni. Bayan magariba dattawan unguwa a ƙofar gidanmu suke ciyayya, kamar yadda kika bar su. Kowa ya zo da kwanonsa, a jera a tabarma, kowa ya sa hannu a na kowa. Accar Baba tana zagayawa ta dawo mini kusan yadda na zuba ta. Shi kuwa tuwon shinkafar amininsa Malam Ɗanbaba yake ci, man shanu har wuyan hannu. Muna tufka a cikin gida, ana warwarewa a waje. Ni dai ba ni da bakin da zan hana shi.

A gaida maigida da yara.

Ƙanwarki,
Zuliha

Kumbotso, ranar Asabar

Zuliha,

Bayan gaisuwa. Takardarki ta tayar mini da hankali. Wannan ai wasa da rai ne. Ga kula nan mai murfi da cokali. Ki riƙa zuba masa nasa a ciki. Ya zauna da su, ya yi hirarsa, amma kada ya sa hannu a kwanon kowa. Ya gaya musu likita ne ya ce. Manya ne, za su gane, abota ai ba a cikin kwano take ba. Ki ce masa ni na roƙe shi, don darajar Inna.

Allah ya bar mana shi. Wassalam.

Muhsina

Kura, ranar Talata

Yaya Muhsina,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa, na rasa ta inda zan fara ne.

Bari in fara da mai daɗi. Na kai Baba awo, suga ya sauka, jini ya daidaita, likita har yaba mana ya yi. Kumburin da ƙafarsa ta yi ma ya saɓe.

Da na ambaci Inna bai yi musu ba, ya karɓi kular ya fita. Ina daga zaure ina ji. Ya ja gefe ya buɗe abinsa, ya ce musu likita ne ya hana shi. Aka yi masa Allah ya sawwaƙe. Malam Ɗanbaba ya turo masa kwano kamar kullum, Baba ya mayar. Ya sake turowa, ya sake mayarwa. Sai Malam Ɗanbaba ya ce, "Jaji, yaushe ka fara tsoron tuwon gidana?"

Yaya, ni da ke ba mu hango wannan ba. Mutum ya faɗi a gona ba zato, sannan ya dawo yana cin abinci a rufe, da cokalinsa, ba ya taɓa na maƙwabta. Kin san abin da garin nan zai ce. Kafin mako ya zagayo, a wajen gumi mata suka riƙa yi mini kallon gefen ido, wai gidan Malam Jaji suna zargin an ba shi wani abu a ciyayya. Na rantse, na nuna katin asibiti, aka ce ai dole a ce likita. Matar Malam Ɗanbaba ta daina amsa gaisuwata.

Kwanuka suka riƙa raguwa a tabarma ɗaya bayan ɗaya. Baba ya ji kunya, ya daina fita. Yanzu a ɗaki yake ci, yana fuskantar bango. Alkama ta yi kai a gona bai tambaya ba. Mutumin da ake jin dariyarsa daga bakin kanal, yau sai in wuni ban ji muryarsa ba. Jikinsa ya yi sauƙi, amma wallahi tausayinsa nake ji fiye da ranar da aka ɗauko shi daga gona.

Ki faɗa mini yadda zan yi. Na bar ki lafiya.

Zuliha

Kumbotso, ranar Alhamis

Ƙanwata,

Bayan gaisuwa. Na karanta, na yi kuka. Tsoron rasa shi ne ya rufe mini ido. Ki ajiye kular nan. Ki tuƙa tuwon shinkafa, ki rage gishiri kawai, ki zuba a babban akushi, ki shimfiɗa tabarma. Ya ci na kowa, ko loma ɗaya ɗaya ce. Idan an yi wa yara hutu zan zo in durƙusa wa Malam Ɗanbaba da kaina.

Ki roƙa mini Baba gafara.

Yayarki,
Muhsina

Kura, ranar Asabar

Yaya,

Assalamu alaikum. Na yi yadda kika ce. Baba ya sa babbar riga, ya ɗauki akushin da kansa ya fita.

Ashe ciyayya ta koma ƙofar gidan wani dattijo daga cikinsu, a ƙetaren kanal, inda sai an taka siririyar gadar katako, kuma Baba ba ya iya takawa tun faɗuwarsa. Malam Ɗanbaba ya zo wucewa da kwanonsa. Baba ya buɗe akushi ya ce masa bismillah. Ya tsaya daga nesa ya ce, "Alhamdu lillahi. Ya jiki?" Sannan ya wuce.

Baba ya zauna shi kaɗai har aka kira isha. Da zai shiga ya ce, "Zuliha, ɗauke, ya huce. Gobe kada ki wahalar da kanki da shimfiɗa."

Kada ki jira hutun yara. Allah ya kawo ki lafiya.

Ƙanwarki,
Zuliha