Ranar da Mai Tari Za Ta Yi Shiru

Anti, don Allah ki agaza mini da shawara, abin nan ya fi ƙarfin kaina. Duk wanda na fara faɗa wa sai ya ce yo ba mota ba ce, ka saya ko ka bari, mene ne abin ramewa? Ki yi haƙuri idan na yi ta kwana-kwana, haka bakina yake.

Ni ne auta a gidanmu, kuma Mama a wurina take tun da Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa. Aikina kai magunguna ƙananan asibitocin bayan gari, inda hanya ba ta taɓa ganin kwalta ba. Motar da nake aikin da ita ta Baba ce, tsohuwar jif mai shan dizal. Shi ya raɗa mata suna Mai Tari, don duk sanda ta karyo kwanar layinmu sai ta yi tari biyu kafin ta miƙe. Bakanikenmu ya ce shi yanzu ba gyara yake mata ba, jinya yake yi. Hayaƙi yana shigowa ta ƙarƙashin kujera, ga ƙaramar 'yata tana da asma, duk ranar da na kai ta makaranta a ciki sai ta wuni tana numfashi da ƙyar.

To sai ga labarin wata jif mai aiki da lantarki da za ta fito nan gaba kaɗan. Anti, na haukace a kanta. Wasu sun ce caji ɗaya zai kai ta kilomita ɗari biyar, wasu sun ce ƙarya ne, da ka kunna na'urar sanyi ka hau hanya mai gargada sai ka ga batir yana zubewa. An ce a gidan caji kafin ka gama shan shayi ta kusa cika, a gida kuwa sai ta kwana a jone. Farashi har yau ba a faɗa ba, kowa da irin nasa ƙiyasin. Dillalin da zai kawo ta dai ya ce wanda ya sa suna da wuri, ya kuma kawo tsohuwar motarsa a kai ta wurin masu narka ƙarfe, za a yi masa ragi mai kauri, kuma ba tare da ragin nan ba hannuna ba zai kai ba. Garejinmu ma na mota ɗaya ne, akwatin cajin a bangon da Mai Tari take kwana za a kafa shi. Maiɗakina har tsokanata take, wai na fi sanin batirin motar da ba a haifa ba a kan ajin da 'ya'yana suke.

Ga inda gizo yake saƙar. Mama ta kamu da ciwon mantuwa. Takan manta ta yi wanka, takan kira jikokinta da sunan ƙannenta, kuma ta manta Baba ya rasu. Mun daina tuna mata, don duk sanda aka faɗa sai ta yi kuka sabo fil kamar yau aka yi. Kullum da yamma takan ja kujerarta bakin taga ta zauna. Da ta ji tarin nan biyu a kwana, sai ta miƙe ta gyara ɗankwali ta ce mai gidan ya dawo, a kawo abinci. Ni kuma in danna hon sau biyu gajeru yadda Baba yake yi, in shigo, in zauna kusa da ita, ta ci. Ba ta taɓa tambayata ina yake ba. Da ta ji motar, hankalinta ya kwanta, shi ke nan. Kuma tana shan maganin ciwon suga, rashin cin abinci a wurinta ba wasa ba ne.

Na ga abin da shirun motar nan yake yi. Kwanakin baya Mai Tari ta mace mini a daji, dole na kwana can. Maiɗakina ta ce Mama ta ƙi barin taga, ta ƙi ko da ruwa, duk wanda ya matso da kwano sai ta ture ta ce a jira mai gida. Ƙafafunta suka kumbura, jikinta ya ɗauki rawa, sai da aka kai ta asibiti aka sa mata ruwa.

Makon jiya dillalin ya kira ni, wai an kawo guda ɗaya ta nuni. Na je na shiga na zauna. Ya ce mini ai a kunne take. Anti, ban ji komai ba sai numfashina. Shirun nan na san shi, shi ne wanda ya cika ɗakin Baba a asibiti lokacin da ma'aikaciyar jinya ta kashe na'urar numfashi. Na fito, mutumin yana ta zuba mini bayanin caji ina gyaɗa kai kawai. Tun ranar nake mafarki iri ɗaya: na shigo gida a sabuwar motar, ba ƙara ba hayaƙi, Mama tana taga, ina ɗaga mata hannu tana kallon bayana, lambar batir tana sauka tana sauka, ni kuma na kasa buɗe ƙofa.

Akwai wani abu kuma da ban faɗa wa kowa ba, kada a ce na zare. Ranar nan zazzaɓi ya kwantar da ni, ban fita ba, makullin Mai Tari yana aljihuna. Da yamma ina kwance a doguwar kujera kusa da Mama, sai ta miƙe ta gyara ɗankwali ta ce ya dawo. Wallahi Anti, ni ma na ji. Tari biyu, daga kwana. Na fita da gudu ba takalmi, layi wayam, na shiga gareji na dafa murfin injin, sanyi ƙalau. Na dawo na tarar an zuba abinci, na zauna, ta ci har ta ƙara.

Yanzu gaba kura baya sayaki. In na riƙe Mai Tari, ƙirjin 'yata ne, kuma wata rana za ta sake mace mini a hanya. In na ba da ita, ji nake kamar ni zan kashe Baba a karo na biyu, a kunnen matarsa. Tsoro nake ji, Anti. In sa suna ko in fasa?

Naki,
Autan Mama

*

Ƙanena Auta,

Allah ya jiƙan Baba, ya ba Mama sauƙi, ya saka maka da alheri. Ba ka zare ba. Kunnen da ya shekara yana jiran ƙara ɗaya a lokaci ɗaya yakan ji ta ko ba ta zo ba, balle ga zazzaɓi a jiki. Ajiye wannan tsoron gefe, mu yi maganar da za ta yi amfani.

Mu fara da mai sauƙin. Motar da ba a faɗi kuɗinta ba, ba a ga tafiyarta a irin hanyarka ba, sa hannu a kanta cinikin biri a sama ne. Kilomitar da ake yayatawa, ka ɗauka a shimfiɗaɗɗiyar hanya aka auna ta, ba da katan-katan na magani a baya ba. Ka zauna ka duba tafiyarka mafi nisa, zuwa da dawowa, ka tambayi kanka ko akwai inda za ka yi caji a tsakani, da kuma abin da zai faru ranar da wuta ta ƙi zuwa gidanku. Ka sa mai gyaran wuta ya duba ko wayoyin gidan za su ɗauki akwatin. In za ka sa suna, ka tabbata a rubuce yake cewa za ka iya janyewa, kuma ba za ka miƙa Mai Tari ba sai sabuwar ta iso hannunka. Ragin dillali ba ya ƙarewa a duniya, kada ya sa ka gudu.

Amma kada ka ji na ce haka ka ɗauka na goyi bayan riƙe tsohuwar. Ƙirjin yarinya ba abin jira ba ne. Daga gobe a nema mata wata hanyar zuwa makaranta, ko da za a matse wani wurin. Kuma motar da bakanike ya ce jinyarta yake yi, da kanta za ta yi shiru wata rana, ba tare da ta yi shawara da kai ba. Gara ku shirya wa ranar da a ce ta faɗo muku.

Yanzu koma ka karanta wasiƙarka, don amsar tana ciki, kai ne ba ka lura ba. Ranaku biyu ka ba ni labari da Mai Tari ba ta karyo kwana ba. A ta farko kana daji, Mama ta ƙi ci har aka kai ta asibiti. A ta biyu kana kwance kusa da ita, motar tana gareji da sanyinta, Mama ta ci har ta ƙara. Motar ba ta zo ba a duka biyun. Abin da ya bambanta su shi ne wanda ya zauna a gefenta. Kai da bakinka ka ce ba ta taɓa tambayarka ina yake ba. Mai jiran miji, in aka ce ya dawo kuma bai shigo ba, ai takan leƙa ƙofa. Ita ba ta leƙawa, saboda wanda ya shigo ya ishe ta.

Ban ce maka tabbas ba ne, ciwon mantuwa ba ya bin ƙa'idar kowa, shi ya sa za ka gwada a hankali, da sanin likitanta. Jinkirin fitowar motar nan alheri ne gare ka, ka yi amfani da shi. Ka ci gaba da zuwa da Mai Tari, amma ka ƙara wata alama da ba ta buƙatar inji, kamar ƙwanƙwasa ƙofar gida sau biyu da makulli, sannan sallama da ƙarfi. Idan Mama ta saba, wata yammar ka ajiye motar a bakin titi ka tako da ƙafa a daidai lokacin, ka ƙwanƙwasa, ka shiga ka zauna, maiɗakinka tana kusa da abinci. In ta ci, ka samu amsa. In ta ƙi, ba a yi asarar komai ba, sai ka je ka ɗauko motar, a sake gwadawa wani makon. Ka kuma ɗauki ƙarar tarin da hon ɗin a waya tun motar tana iya yi, saboda ranar da tafiya ta riƙe ka. A irin wannan ranar ma a samu wani cikin yayyenka ya zo ya zauna a wurinka, kada nauyin ya tsaya a kanka kai kaɗai.

Saura kai. Wanda ya fita da gudu ba takalmi ya dafa murfin inji, ba Mama ba ce. Ita an ɗauke mata sanin rashin, kai kuwa kana ɗauke da shi kullum, kana kuma danna hon ɗin mahaifinka kowace yamma, ba ka samu sararin yin kukanka ba. Ka faɗa wa maiɗakinka abin da ka faɗa mini. Ranar da za a zo ɗaukar Mai Tari, ka cire hon ɗin ka ajiye, ka shiga ka zauna a kujerar Baba iya son ranka, ka yi masa addu'a. Ba kashe shi za ka yi ba, ƙanena, Allah ya riga ya karɓi abinsa, kuma ƙarfe ba ya riƙe rai.

Da dizal ko da lantarki ko da ƙafa, kai dai ka riƙa isa gida kafin abinci ya huce. Allah ya ba 'yarka lafiya, ya sanyaya zuciyarka, ya sa Mama ta daɗe tana jin sallamarka.

Antinka