Ta Sa Min Suna Garin Kwaki, Na Nuna Mata Tub Ɗin

Assalamu alaikum 'yan gidan nan, admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, mai zagina ma ya zaga, amma ya karanta har ƙarshe tukuna.

Ina koyarwa a wata firamaren kuɗi a Arawa. Shekara biyu na yi ina fama da amosani mai tsanani, kai, gira, gefen hanci, duk ja da ƙaiƙayi, farin ɓawo na ta zuba, yunifom ɗinmu kuma baƙin hijabi ne. Akwai wata malama, bari in kira ta Anti Ladi, ita ta sa min suna Garin Kwaki. Sai ta zo staf rum ta karkaɗe min gaban hijabi, ta ce a kawo suga da ƙuli a jiƙa. Har 'yan aji uku suka ɗauka. Wallahi banɗaki nake shiga in yi kuka.

Da na ga likitan fata ya ba ni shamfu da wani man shafawa na tub mai ƙarfi, mai sinadarin sitiroyid, ya ja min kunne sosai, wai a fatar kai kawai, sati biyu in ajiye, kar ya taɓa fuska don yana cinye fata. Na fuska daban ya rubuta min, mara ƙarfi. Alhamdulillahi na samu sauƙi.

Kwatsam bayan Anti Ladi ta dawo daga hutun haihuwa abin ya fito mata a gefen hanci. Ta biyo ni har bakin get, yau ni ce Malama, wai in taimaka mata da sirrin. Na ba ta sunan mai ƙarfin, na ce ta saya a kemis, safe da yamma, kar ta kuskura ta tsaya. Da sanina na faɗa.

Da farko ta yi fes, har haske ta ƙara. Yanzu wata biyar, fatar ta yi laushi kamar leda, jijiyoyi sun fito, ƙuraje sun cika haɓa. In ta daina kwana biyu fuskar ta kumbura ta yi jawur, dole ta koma. Ba zan yi muku ƙarya ba, ranar da na ji yara sun ce mata Tumatur, har ƙarin abinci na yi.

To jiya ta kawo min alale a kula, tana godiya, wai jaririyarta ta yi ja a kumatu da wuya, kwana uku ke nan tana shafa mata maganina. Na ce Allah ya ƙara sauƙi, na karɓi kular. Iya abin da na ce ke nan.

In na ce ta daina, za ta tambaye ni tun yaushe na sani, kuma bakinta ba ya shiru, aikina zai iya tafiya. Uwar kam har yanzu ban ji tausayinta ba. Amma yarinyar nan ko magana ba ta fara ba, balle ta kira ni Garin Kwaki, kuma yau da yamma ma za a shafa mata. Jama'a me zan ce wa matar nan kafin a tashi daga makaranta?